Hannun Turai a Legas

"Su mutanen Legas ɗin, sun fi ni sanin hannuna ne?" in ji Turai, tana tsince gyaɗa a tire.

Ɗanta Lukman, wanda ke aikin gwamnati a Maradun, ya sake duba waya. Yac ce ba wanda ya hana ta haƙƙinta. Hannun jarin da ta saya a kamfanin siminti yana nan, har ya haihu. Sa hannun da ta yi jiya a takardar karɓar kuɗinta ne bai yi kama da na takardar farko ba, shi ya sa sunka maido.

Ya shiga yi mata karatu: wai kasuwar hannun jarin nan ta Legas tun zamanin samun 'yanci take ci, can kamfanoni ke yanka kansu gunduwa-gunduwa su sayar wa jama'a. Turai tac ce ita dai ba ta taɓa jin kasuwar da ba rumfa ba mudu ba, kuma a ce mai kaya sai ya yi jarabawa.

"Inna, ki dai tuno yadda kinka yi na farko."

Nan gyaɗa ta tsaya mata. Ai ba ta da abin tunowa.

Shekarar da kowa a Talata Mafara ya haukace da sayen jari, kafin kasuwar ta rushe, ita ma ta sayar da shinkafar da ta noma a madatsar Bakolori ta bi layin banki. Matan ma'aikata kowa na jan biro yana kwarkwasa. Ita kuma Turai, da sabon leshi, a dangwala mata shuɗin tawada a babban yatsa gaban mutane? Sai ta zame bayan ginshiƙi ta miƙa wa maƙwabciyarta Cecilia Maman Hosea, malamar firamare, takardar. Cecilia ta zana mata wani abu mai jela kamar ƙadangare. Ran nan Turai ta fito banki tana tafiyar masu boko.

Yanzu shekara bakwai ba sa magana. Agwagin Cecilia ne sunka shiga shanyar gyaɗa, Turai kuwa ta hau turmi ta faɗi abin da har yau liman ba zai so ya ji ba.

Da Lukman ya ji labarin ya gama dariya, yac ce abu mai sauƙi ne: a je kotu a rantse hannunta ya canza saboda tsufa.

"In dafa Alƙur'ani in ce ya canza? Da can nawa ne?"

Sai ta dubi zaure. Ƙanenta Gajere na ciki da mata da yara biyar tun da sunka gudo daga Gidan Goga saboda 'yan bindiga. Ga damina ta taho, ɗakin da anka ɗora masu ba kwanon rufi. Jarin nan shi ne kwanon.

Kwana biyu tana zanen ƙadangare a ƙasa da tsinke. Ɗaya ya fito kifi, ɗaya ludayi. Ran na uku ta yi la'asar, ta yi istigfari mai tsawo, ta cika kwano da ƙuli-ƙuli, ta ja mayafi. Taku goma ne tsakanin gidajen, ta yi su kamar mai zuwa Bakura a ƙasa.

Agwagi ne sunka fara tarbar ta, sun yi ƙiba abinsu. Cecilia na kan tabarma da tabarau tana gyaran wake. Gaisuwa ta yi tsawo: gida, yara, gajiya, zafi, har lafiyar agwagi Turai ta tambaya. Cecilia na amsawa, idonta na kan kwano.

Turai ta ajiye shi, ta zaro biro daga gefen zane.

"Maman Hosea, don girman Allah, ki koya mani yadda nake sa hannu."