Idon Tsigi da Sabon Katalog

Duk wanda ke shiga laburaren garin Malama yake ce mata, har shi Darakta da ke gaba da ita. Ita ce mai kula da katalog, wato kundin da ke nuna kowane littafi da kantar da yake zaune. Ta fara aikin tun kundin yana katuna cikin durowoyin katako, waɗanda in ka ja suka ƙi fitowa sai ka tokare da gwiwa. Daga baya aka kawo kwamfuta, ta zauna ta juye katunan nan ɗaya bayan ɗaya har wuyanta ya ƙage. To a shekarar da abin nan ya faru, sai aka ce za a yi wa katalog ɗin ƙari. Ban da littattafan da ke kan kanta, za a haɗa shi da mujallu da littattafan da ke intanet, mutum ya rubuta kalma guda a gurbin bincike, na gida da na waje su fito masa tare.

Aka turo musu wani injiniya mai tumbi da wayoyi biyu, wanda ba ya gama magana a ɗaya sai ɗayar ta yi ƙara. Shi ya ɗora abubuwan, amma Malama ce ta yi ta gwada su. Yanzu kowane littafi da hoton bangonsa yake fitowa. In ka buɗe ɗaya, daga gefe sai kwamfutar ta jero maka wasu, ta ce ga masu kama da shi. Akwai kuma wurin da za ka ajiye kalma, duk ranar da wani sabon rubutu ya shigo a kanta a aiko maka saƙo a waya. Malama ta gwada da kiwon kaji, ta gwada da gyaran famfo, komai ya fito tsaf. Daɗi ya kama ta kamar ita ta ƙera abin.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, wani ɗan jarida ya miƙo mata makirfo. Ba ta shirya ba, sai kawai ta ce, "Daga yau duk abin da mutum yake son sani, in dai an rubuta shi, zai same shi a nan." Aka tafa mata. Da yamma aka sa muryarta a rediyo.

Ba a yi mako ba, tana zaune tana liƙa wa sababbin littattafai lamba, ta ɗaga kai ta ga ƙaninta tsaye a bakin ƙofa. Tela ne, kuma Tela kowa ke ce masa, har ita. Tun da take aikin nan bai taɓa leƙo ta ba. Ga awon ɗinki rataye a wuyansa, ya manta bai cire ba, yana ta kallon ƙafarsa yana kallon dandamalin da aka goge.

"Yaya, takalmi ake cirewa?"

"Shigo, kai dai. Yau wace rana, Tela a laburare? Ko ɗinkin ne ya ƙi, ka zo neman littafinsa?"

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ja kujera ya zauna a bakin-bakinta, ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, duk ta yi laushi don ninkewa.

Maganar 'yarsa ce. Sunanta na gida Tsigi, don ƙanƙantarta da rashin zama wuri ɗaya, ba ta cika shekara goma ba. An daɗe ana ce mata mai garaje. Da rana ta faɗi sai ta riƙa cin karo da bokiti, ta taka faranti, ta buge ƙofa, uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Malamar ajinsu ce ta lura cewa in aka miƙo wa yarinyar abu ta gefe ba ta gani, sai ta juyo gaba ɗaya. Aka kai ta wajen likitan ido, aka ɗiga mata magani, aka haska, aka sake haskawa.

"Shi ne ya rubuta min wannan," in ji Tela. "Na ce masa, likita, akwai magani? Ya ce mu yi haƙuri, mu riƙa kawo ta ana dubawa. Ga layi a bayana, ban samu na ƙara tambaya ba. Ni Yaya haƙurin ne ban gane ba. Rannan kuma sai na ji ki a rediyo, na ce ashe ga abu a gidanmu ina ta yawo."

Malama ta karɓi takardar. Suna ne dogo na Turancin likitoci, kalma biyu. Ta gyara tabarau, ta juyo da kwamfutar yadda shi ma zai gani, ta rubuta harafi bayan harafi, ta danna.

Sai ga su sun zubo, shafi bayan shafi.

Tela ya miƙe tsaye. "Duk wannan a kan ciwon Tsigi ne? Kai! Ashe sanannen abu ne. Ashe mutane sun zauna a kansa."

Ita kuwa ta riga ta buɗe na farko tana karantawa. Ba ta san kowace kalma ba, amma abin da ta gane ya ishe ta. Ciwon da dundumi yake farawa. Daga nan gani ya riƙa tsukewa ta gefe-gefe, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma kullum ƙara matsewa yake yi. A ƙarshen sakin layin aka ce har yanzu ba a san abin da ke tsayar da shi ba. Tela ba kwamfutar yake kallo ba, fuskarta yake kallo.

"Me suka ce?"

"Turancinsu da nauyi," ta ce. "Ka bar min, sai na zauna na bi su a tsanake."

"A'a, ai babu gaggawa. Tunda yana hannunki ai shi ke nan."

Ya fita da sauƙin jiki, har yana yi wa mai gadi barkwanci a ƙofa. Malama ta bi bayansa da kallo, ta rasa abin da ke mata daɗi.

Ta bi su kuwa. Tsakanin mai neman littafin lissafi da mai dawo da wanda ya jiƙe, sai ta koma ta buɗe wani. Ta ajiye ƙamus a cinyarta. Lokacin cin abinci abokan aikinta su kira ta, ta ce su fara. Ta yi tsammanin in ta shiga can ciki za ta tarar da wanda ya saɓa wa na farko, amma duk bakinsu ɗaya, sai dai wani ya fi wani iya lulluɓe maganar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne jerin nan na gefe da ta yi ta yabo. Tana neman magani, shi kuwa yana miƙo mata yadda ake koya wa yaro tafiya da sanda, da yadda ake karatu da yatsa. Ta taɓa kai hannu ta rufe gefen allon da tafinta, kamar mai toshe bakin yaro marar kunya.

Rannan ta ga wani rubutu da kalmar magani ɓaro-ɓaro a kansa. Ta danna, sai ga hoton ɗan kwaɗo, alamar a kulle yake. Ta kira injiniya, ya ɗauka yana magana da wani a ɗaya wayar.

"Malama, wannan ba ya cikin waɗanda aka buɗe mana. Kansa kawai za ki gani."

"To me ya sa ake nuna mana abin da ba za mu iya buɗewa ba?"

"Haka aka gina shi. Don mutum ya san akwai."

Ta je ta sami Darakta, abin da ba ta saba ba, ta gaya masa komai a tsaye. Mutumin kirki ne, nan take ya kira wani abokinsa da ke koyarwa a jami'a, aka turo musu rubutun. Ta buga shi a takarda, ta koma bayan kantar jaridu inda ba kowa, ta karanta. A kan ɓeraye aka yi gwajin. Ɓerayen ma ba duka suka samu sauƙi ba, kuma masu rubutun suka ce da sauran tafiya mai nisa kafin a zo kan mutum. Ta zauna a kan ɗan tsanin da ake hawa a ɗauko littafi, takardun a hannunta, har wani mai karatu ya zo ya ce ko za ta ɗan matsa.

Duk da haka ta ajiye sunan ciwon a wurin aiko da saƙo. Wayarta ta riƙa ƙara a cikin mota, a kasuwa, a kicin. Kowane saƙo sai ta ajiye abin da take yi ta duba, kowanne kuma ƙarin bayani ne a kan yadda ciwon yake cin ido.

Tela yana kira. "Yaya, an dace?"

"Ina kan dubawa."

"To madalla. Na gaya wa uwar Tsigi ta kwantar da hankalinta, Yaya na kai."

Har abinci matar ta aiko mata a kula, wai don wahalar da take sha. Malama ta buɗe ta rufe, ta ba mai shara.

Ranar hutu da rana ta shirya ta tafi gidansu. Ta tarar da Tsigi a tsakar gida tana tsallen igiya, ta sha sabon tabarau mai jan firam wanda ya yi mata yawa.

"Gwaggo! Baba ya ce kwamfutarku ta san komai. Ta san ni?"

"Ta san ki mana. Ta ce ba kya wanke ƙafa."

"Ƙarya take yi!"

Malama ta yi dariya, ta zauna kusa da ita a kan benci. Ta ciro alewa daga jaka, ta riƙe ta daidai kunnen yarinyar, ta ɗan matso da ita gaba, ta ƙara matsowa. Tsigi na ta ba ta labarin wata ƙawarta da suka ɓata. Sai da alewar ta zo kusan kan hancinta ta yi tsalle ta cafke.

"Gwaggo, daga ina kika fito da ita?"

Malama ta shafa kan yarinyar, ta ce bari ta je shago ta gaida babanta.

Shagon a bakin titi yake, ɗaki ɗaya, ƙyallaye ko'ina a ƙasa. Tela na kan keke yana tafi da wani dogon ɗinki. Da ya ga yadda ta shigo ba ta tsokane shi ba, ya ɗauke ƙafa daga kan feda.

Ta kawar da tarin yadi ta zauna. Ta gaya masa da Hausa, a hankali, ba ta rage komai ba: yadda ganin zai riƙa tsukewa, da cewa tabarau ba zai hana ba, da maganar ɓerayen.

"Amma Yaya, shafi nawa na gani da idona. Duk a cikinsu babu?"

"Na bi su, Tela. Sun san sunansa, sun san yadda yake tafiya. Abin da zai tsayar da shi ne ba su sani ba."

"Ko akwai inda ba ki duba ba? Ko a kira injiniyan da ya haɗa muku kwamfutar?"

"Shi haɗa waya ya iya."

Ya riƙa murza bakin yadin da ke ƙarƙashin allura.

"Zuwa yaushe?"

"Ba su yanke ba. Wani yana girma da sauran gani, wani kuma da wuri. Ba wanda zai ce maka ga na Tsigi."

Zaren ya zare daga allura. Ya lashi bakin zaren ya kai, ya kuskure. Ya sake kaiwa, ya sake kuskurewa. Ya miƙo mata ba tare da ya dube ta ba, ita ma ta gwada, idonta ya cika da ruwa ta kasa ganin kafar. Suka bar zaren yana lilo.

"Wa zai gaya wa uwarta?" in ji shi.

"Mu je tare."

Suka rufe shago suka tako. Matar na shanya, ta gan su tare da rana tsaka, ta saki rigar da ke hannunta cikin bokiti. Aka aiki Tsigi maƙwabta. Malama ta sake maimaita abin da ta faɗa a shago, wannan karon ya fi wuya, don matar ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Da aka gama sai ta ce, "Yaya, sau nawa na dake ta a kan faranti," ta juya ta shige ɗaki. Tela ya bi ta. Malama ta tsaya ita kaɗai a tsakar gida, can ta sunkuya ta ƙarasa musu shanyar.

Tun daga nan gidan ya sake tsari. Ba a ƙara barin bokiti a hanya, kujera in an ɗaga ta sai an mayar da ita inda take. A makaranta aka dawo da Tsigi layin gaba. Ita dai ba a gaya mata komai ba tukuna, ta ɗauka gata ne ya ƙaru, har tana yi wa ƙannenta yanga.

Malama ta koma aiki. Darakta ya ɗora mata koya wa malaman makarantu yadda ake amfani da sabon katalog, tana yi kuma yadda ya kamata, ga gurbi, ga madanni, ga inda ake zaɓar mujalla. Tela ya daina tambaya. In ya kira sai ya yi ta zancen wuta da tsadar zare da ciwon bayan da ke damunsa, sannan in zancen ya ƙare ya yi shiru, bai kashe ba. Ita ma ta yi shiru, tana jin ƙarar motoci ta bakin shagonsa.

"Babu tukuna," ta ce.

"To," in ji shi. "A gaida yara."