Naman Barewar Vernon

Wata huɗu da rasuwar Vernon, matarsa Arlene ta shiga gareji da safe ta ji firiza ta yi tsit. A ciki akwai naman barewar da ya harbo a farautarsa ta ƙarshe, ƙulli goma sha ɗaya. Ko ɗaya ba ta iya ci ba.

Ta san inda matsalar take. Vernon da kansa ya ja wayar gareji daga soket ɗin banɗaki, irin mai maɓalli biyu da ke yanke wuta idan ruwa ya taɓa shi. Ta danna ta danna, ko motsi.

Ta kira ƙaninsa Wendell, ya zo da sabon soket yana hura hanci.

"Matar Yaya, kwantar da hankalinki. Minti biyar."

"Haka ka ce ranar da ka gyara mana famfo, muka kwana uku muna kwasar ruwa."

Ya jona rediyo a ɗaya soket ɗin banɗakin ya ƙure murya, ya sauka ƙasa wurin akwatin wutar gidan yana kashe makunnai ɗaya bayan ɗaya don ya gano na banɗakin. Fitilar kicin ta mutu, talabijin ta mutu, sannan rediyon ya yi shiru. Ya cire tsohon soket, wayoyi huɗu suka leƙo. Ya ɗaura su yadda ya ga dama, ya maido wuta. Firiza shiru.

Arlene ta je ta latsa naman. Na sama ya fara laushi.

"Kai Wendell, wace waya ce ke kawo wuta, wace ce ke kai ta gareji?"

"Ai duk waya waya ce."

"Matsa, sarkin aiki. Je ka kashe wutar."

Shekara arba'in tana riƙe wa Vernon tocila idan yana gyaran wuta. Kullum sai ya saci jan farcenta ya ɗiga a kan wayoyin da ke kawo wuta, ita kuma ta yi ta masifa. Ta haska, ga ɗigon nan ja a kan guda biyu. Wendell ya juya su yana gunaguni, ya maido wuta.

Firiza ta ɗauki gurnani.

Ƙulli ɗaya ya riga ya saki, ba ya komawa firiza. Arlene ta ɗauko shi ta juya ga Wendell.

"Wanke hannunka," ta ce. "Ka ɗauko kasko da albasa. Kuma kar ka taɓa mini murhu."