Motar da Baba Bakanike Ya Gwada

Shekara goma sha tara ina shiga da baƙi gandun daji, kuma in aka matse sana'ar tawa gaba ɗaya, yatsa ɗaya ce. In miƙa ta ta tagar mota in ce ga giwa can, ga ɓauna can, baƙo ya ɗauki hoto, ya koma gida yana yabona. Saboda haka ranar da Auta ta shigo ofishinmu ta ce in shirya wa mahaifinta tafiya, sai da na kalli taswirar da ke jikin bango, na kalli madubin hangen nesa da ke rataye a ƙusa. Mahaifin nata ba ya gani.

Ba baƙona ba ne. Baba Bakanike shi ya yi shekara talatin yana gyara motocin da ke shiga dajin nan. Mukan baje a benci muna ba shi labarin zaki da dorina, shi kuma yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai muke gani, yana cewa ranar da ya ajiye sifana shi ma zai shiga ya gane wa idonsa. Bai taɓa wuce ƙofar gandun ba. Kafin ya ajiye sifanar ciwon sukari ya riga shi, ya tafi da idon dama, bayan shekara ya dawo ya ɗauki na hagu.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, nas ce, ba ta san kewaye-kewaye ba. Ta ce shekara biyu ke nan bai tsallake ƙofar gida ba, kuma duk wanda ya zo dubiya sai a ce masa yana barci. Wannan na sani, don sau biyu aka ce mini haka alhali ina jin tarinsa daga tsakar gida. Na yi fushi na ɗauke ƙafa, abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Yaya, ni ba giwa ce ta dame ni ba," in ji ta. "Magani yana sha, amma kullum ƙara bushewa yake. So nake ya koma cikin mutane. Wannan tafiyar ce kaɗai abin da na san ya taɓa so."

Washegari muka je da Dogo, direbanmu, wanda kansa bai kai kafaɗata ba. Wannan karon Auta ba ta nemi izini ba, ta ɗaga labule kawai ta tura ni ciki. Na tarar da shi a kujera, rediyo a cinya a kashe, tsohon akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gado. Ya gane muryata tun a sallama. Na zuba masa bayani irin wanda nake yi wa baƙi, ya bar ni har na gaji don kaina.

"Makaho za ku kai kallo," ya ce, "ko namun dajin za ku kai wa abin kallo?"

Na fito, muka shiga mota. Dogo ya murɗa makulli, motar ta ce ƙas. Ya sake, ta ce ƙas. Sai a na uku ta tashi. Muna shirin juyawa muka ji murya ta taga, da ƙarfin da ban ji ba a cikin ɗakin, yana cewa a gaya wa direban nan shi da motarsa duk asibiti suke bukata. Dogo ya ji haushi. Ni kuwa daɗi na ji, don na gane kunnen tsohon yana nan da ransa.

Da na koma ofis na jawo takardar hanyar da muka saba bi, na bi ta layi-layi. Tudun da muke tsayawa a hango kwari, bishiyar da damisa ke kwanciya, filin da barewa ke kiwo nesa da hanya. Duk na ido ne. Na kife takardar na ɗauko sabuwa.

Safiya uku a jere na sa Dogo ya shiga da ni daji, na ɗaure idona da ƙyallen da nake yafawa a wuya. Ya yi dariya har ya kusa sa mu a rami, ya ce in baƙi suka ga jagoransu haka, kamfanin ya rufe. Ban kula shi ba. Ranar farko abin da na koya shi ne shekara goma sha tara ƙarar inji nake sayar wa mutane. Tudun nan da nake taƙama da shi, da muka kashe mota a kansa, babu komai sai iska. Amma wani kududdufi mai wari da kullum nake cewa Dogo ya wuce shi da sauri, nan na ji dorina tana huci, na ji tsuntsaye sun fi kala goma, na ji goggon biri yana yi wa iyalinsa faɗa. Na riƙa faɗa, Dogo yana rubutawa da mugun rubutunsa: wuri kaza, ƙarfe kaza, iska daga gabas.

A safiya ta uku muka sami abin da nake nema. Akwai wani mashigi mai duwatsu inda giwaye ke tsallake rafi bayan hantsi, a rani, lokacin da sauran ruwan dajin ya ƙafe. Muna tsayawa nesa da shi kullum, inji a kunne. Na ce Dogo ya matsa ƙarƙashin wata tsamiya ta inda iska za ta kwaso warinsu zuwa gare mu, ba namu zuwa gare su ba. Nan ne wurin, ko makaho ya sani, balle ni makahon ƙarya.

Sai dai doka ta hana kashe mota kusa da giwa haka, sai da izinin shugaban masu gadin daji. Mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ya saurare ni, ya ce ya yarda, zai ma haɗa mu da mai gadi ɗaya da bindiga, amma da sharaɗi: motar ta tashi sau goma cikin goma a gabansa, bugu ɗaya, don toron giwa ba ya jiran a sake murɗa makulli. Muka gwada a harabar ofishinsa. Ta tashi sau shida. Ya juya ya koma ciki.

Dogo ya rantse sitata ce ta mutu, sabuwa kuma sai nan da mako uku. Ni kuma ina kallon gabas, hadari ya fara haɗuwa da yamma. Ruwan farko na sauka giwayen za su watse cikin daji, ba su da sauran bukatar mashigin sai baɗi. Ban ga alamar Baba yana da baɗi ba in aka bar shi a kujerar nan.

Na koma gidan. Ban yi masa wata dabara ba, gaskiya na faɗa masa tun daga ƙyallen da na ɗaure ido har zuwa shida cikin goma. Na ce ko ba zai je ba, motar tana bukatarsa. Ya ce Dogo ya murɗa ya ji. Dogo ya murɗa sau uku a ƙofar gida. Baba ya ce sitata lafiyarta ƙalau, wayar da ta taso daga batir ce ta ci tsatsa a gindinta, a kwance a kankare. Ya riƙa ba da umarni ta taga. Dogo ya kwance wata wayar daban. Aka sake yi masa bayani, ya yar da noti cikin inji. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi, don da na tambaye shi cewa ya yi shi direba ne. A karo na uku na ji kujera ta motsa.

"Auta, ina takalmana?"

Ta kawo su, ta haɗo da akwatin kayan aikin. Ya dafa bango har ƙofa, ya tsallake, ya lalubi gaban motar ya zura hannu ciki kamar mai laluben aljihunsa. Minti ashirin ya gama. Ta tashi sau goma, ya ce a ƙara biyar. Amma da ya ji takun maƙwabta sun fara matsowa, sai ya saki murfin injin ya juya ciki da sauri, gaisuwarsu ma bai amsa ba. Na bi shi ɗaki da akwatin kayan aikin, na tarar yana goge hannu da tsumma.

"Shekara talatin ban taɓa miƙa mota ba sai na gwada ta a inda za ta yi aiki," ya ce. "Ba kallo zan je ba. Gwaji zan je."

Na ce ai dama gwaji ne.

Shugaban masu gadi ya ƙirga gomansa ya sa hannu. Bayan kwana biyu muka ɗauki Baba da sassafe, kafin mutanen layinsu su tashi, domin sharaɗin da ya kafa ke nan. Na zaunar da shi a gaba kusa da Dogo, ni da Auta da mai gadi muna baya. Na yi wa kaina alkawari ba zan buɗe baki ba sai an tambaye ni, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin azumi ba ne. A kududdufi dorina ta yi mana huci sau biyu. Baba ya ce wannan salansarta ta fashe. Auta ta toshe baki tana dariya, shi kuwa ko murmushi, ya ce a ci gaba da gwaji.

Muka isa tsamiya da hantsi, Dogo ya juya kan motar ya fuskanci hanyar fita, ya kashe. Muka jira. Minti ashirin, babu komai sai ƙudaje. Minti arba'in. Zufa ta jiƙa mini riga, na fara tsara yadda zan ba Auta haƙuri. Na ɗaga madubi na share gaɓar rafin kaf, ban ga ko kunne ba. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Akwai inji a bayanmu," ya ce a hankali. "Babba, kuma lafiyayye."

Duk safiyar da na zo ta gaba giwayen suke ɓullowa. Na waiga, ga su suna fitowa daga kurmi ta bayan tsamiyar, uwar garke a gaba, tana wannan gurnanin na ciki da mutum ke ji a ƙirji kafin kunne. Goma sha ɗaya na ƙirga. Suka wuce ta gefenmu, tazarar ba ta fi faɗin titi ba. Ana jin fatarsu tana gogar reshe, ana jin numfashi, warinsu ya cika motar. Suka shiga ruwa, duwatsu suna gurgurawa a ƙarƙashin ƙafafunsu, wani ɗan ƙarami ya zame ya yi ƙara, uwarsa ta amsa masa. Baba ya riƙe ƙarfen taga da hannu biyu, bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba. Auta ba giwayen take kallo ba.

Wani matashin toro ya tsaya a baya, ya juyo, ya baza kunnuwa ya tako wajenmu. Mai gadi ya gyara riƙon bindiga ya taɓa kafaɗar Dogo. Dogo ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, muka sulale, toron ya bi mu da tsawa ɗaya wadda ta girgiza gilashi, sannan ya koma wajen 'yan'uwansa. Baba ya buga cinyarsa ya fashe da dariya, irin wadda na sani a da, ya ce motar ta ci jarrabawa, direban ne dai har yanzu da sauransa. Ni da na shiga dajin nan fiye da sau dubu, ban taɓa fitowa da farin ciki irin na ranar ba.

La'asar ta yi muka iso unguwarsu, lokacin da kowa ke waje. Na ce wa Dogo ya manna motar da ƙofar gida yadda Baba zai shige ba wanda ya tare shi. Muna karya kwanar layin Baba ya ce a tsaya. Dogo ya ce ai da saura, gidan yana can ƙarshe.

"Na san inda gidana yake. A nan zan sauka."

Ya sauka ya dafa kafaɗar Auta. Tela ne ya fara ganinsa, ya tsayar da keke ya fito da awo a wuya. Mai shago ya bar ciniki, mai aski ya bar mutum da rabin kai. Baba ya tsaya a tsakiyar layi yana ba su hannu ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa daga murya, sannan ya fara ba da labari. A ƙofar tela giwayen goma sha ɗaya ne. Kafin a kai shago sun zama ashirin, toron kuma har ya ɗora hanci a kan motar. Mai aski ya waiwayo ya tambaye ni ko haka aka yi, na ce ni a baya nake zaune, shi ne a gaba.

Layin gida tara ne, amma sai da ya ci sa'a guda bai kai ƙarshensa ba. Wani ya fito da benci, ya zauna. Auta ta sunkuya ta ce masa lokacin magani ya yi, su shiga ciki.

"Je ki kawo mini nan," ya ce. "Ban gama ba."