Tambayoyin Baba

A gidanmu ba a amsa tambayar Baba. Kafinta ne, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin ya yi faɗa kai tsaye ba, sai dai ya jefo tambaya. "Ni sa'anka ne?" "Idon naka na ado ne?" "Wannan kujera ce ko tarkon baƙi?" Ba amsa yake nema ba, so yake ka ji kunya ka gyara. Yayana ya taɓa gwadawa yana ƙarami. Baba ya ce, "Sau nawa zan faɗa maka?" Shi kuwa ya ce, "Sau ɗaya ma ya isa." Ranƙwashin da ya sha ranar ne ya ɗinke masa baki, har ya yi gemu a shagon bai ƙara amsa ko guda ba.

Shagon nan kuwa shi ne ran Yaya. Ya san halin kowane zarto, ya san gudumar da ƙotarta ke kwancewa. An yi masa tayin aiki a kamfanin kujeru ya ƙi, amma bai taɓa faɗa wa Baba ba. Shi ma ɗin miskili ne na bugawa a jarida.

Makon jiya na kai musu abinci, na tarar Yaya ya yanke katako ba daidai ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, hannunsa na dama yana ta rawar nan da ya fara bana, sannan ya ce, "Wai kai kana son shagon nan kuwa?" Yaya ya sunkuyar da kai kamar kullum. Na lura muryar Baba ta yi ƙasa, amma ni ma faɗa na ɗauka.

Yau da hantsi na sake zuwa. Yaya ya tafi sayen katako, sai ga mai kemis, maƙwabcinsu, a tsakiyar shagon yana auna bango da tef.

"Baba, lafiya?"

"Hannun nan zai sake riƙe guduma?" in ji Baba. "Na sallama wa maƙwabcina, zai faɗaɗa kemis ɗinsa. Jiya muka sa hannu."

Na ajiye kwano, na fita bakin titi, na dawo. Na kira wayar Yaya, ba ta shiga. Na zauna a kan benci, na miƙe, na sake leƙawa. Ƙarar tef ɗin nan in ya naɗe kansa har cikin haƙorana nake jin ta. Haushin Baba nake ji, ina jin na Yaya, ina jin nawa.

Can sai ga Yaya yana turo baro cike da katako, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya a ƙofa. Ya dubi tef, ya dubi mai kemis, ya dubi ni. Nan take ya gane.

"Baba, me ya sa?" Ban taɓa jin ya ɗaga wa Baba murya ba sai yau.

Baba ya dafe hannun da ke rawa da ɗayan.

"Ban tambaye ka ba?"

Na ga kan Yaya yana shirin sunkuyawa kamar yadda ya saba, sai ya ɗago.

"Ina so, Baba," ya ce. "Wallahi ina son shagon."

Baba ya juya fuskarsa wajen bango. Mai kemis ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko ya bari sai gobe ya dawo.

Babu wanda ya amsa masa.