Tsohon Faifan Yael

Chuwang ya dire kwamfutar a kan teburin Datong mai gyaran kwamfuta, a kan sukurorin da yake jerawa, bai ko yi sallama ba.

"Suruki, duba min wannan. Ta ƙi tashi."

Datong ya san kwamfutar tun kafin ya ɗaga murfinta. Ta matarsa Yael ce. Kwana uku da binne ta, wanta Chuwang ya zo da mota ya kwashe kayanta, har takalman wanka, wai kayan 'yar gida gida suke komawa. A cikin kwamfutar akwai waƙoƙi goma sha ɗaya da Yael ta ɗauka da muryarta, na zumuntar mata ta coci. Shekara biyu Datong yana roƙo a ba shi kwafinsu kawai. Kullum amsar ɗaya ce, sai dangi sun zauna.

"Me ka yi mata, oga?"

"Nauyi take yi. Na sayi sabon faifan ajiya na cikinta, wani a Titin Bauchi ya juye min komai daga tsohon, ya sa sabon. Tun jiya allo baƙi, sai wani rubutu fari. Shago uku na je."

"Shago uku kafin nawa. Ka yi zumunci."

"Bar tsiya, Datong. Takardun fanshona na ciki, gobe za a rufe karɓa."

Ya ciro tsohon faifan daga leda ya ajiye a gefe. Datong ya kalle shi sau ɗaya, ya kau da kai.

Ya kunna, ya karanta farin rubutun. Ba wata cuta ba ce. An juye kaya lafiya, amma injin yana nan yana neman tsohon faifan a inda ya saba samun sa, ba wanda ya sanar da shi an yi sauyi. Datong ya ga injin bai yi laifi ba. Shi ma da safe hannunsa yakan lalubi ɗaya gefen katifa.

Gyaran minti uku ne: a shiga saitin ciki, a ɗora sabon faifan a saman layi, a adana.

"Aikin babba ne," in ji shi. "Awa biyu. Ka jira a waje, shagona ba ya son inuwa."

Babu benci a waje. Chuwang ya tsaya a rana tsakanin mai faci da mai gasa masara, yana share wuya da hankici, rabin Anguwan Rukuba na wucewa suna gaishe shi.

Datong ya gyara, kwamfutar ta tashi. Ga takardun fansho, bai taɓa su ba. Shi ba ɓarawo ba ne. Ga jakar da Yael ta sa wa suna Waƙoƙina. Ya goge ta daga sabon faifan, ya bi ta kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa. Tsohon faifan kuwa ya zura shi a aljihun riga, ya sa maɓalli. Sauran lokacin ya karanta jarida, har da tallace-tallace.

Da awa biyu ta cika ya kira shi. Chuwang ya ga allo ya haska, ya sauke ajiyar zuciya.

"Allah ya yi maka albarka. Ina tsohon?"

"Ya mutu. A nan muke binne su. Ba sai dangi sun zauna ba."

Chuwang ya rungumi kwamfutar ya nufi ƙofa, sannan ya juyo.

"Waƙoƙin Yael dai suna ciki ko? Saboda su na ce a juye komai. Mama ba ta shan koko da safe sai na kunna mata."

Datong ya tuna tsohuwar, wadda ita kaɗai ta riƙe hannunsa a bakin kabari. Faifan ya yi masa nauyi a ƙirji.

"Ka duba idan ka isa gida," ya ce.

Ya bi shi da ido har ya hau keke napep. Bai kira shi ba.