Watannin da Auta Ta Ƙi Mota

Ni direba ne, shekara goma sha tara ina jan mota, amma sai da aka yi wata huɗu 'yar cikina ba ta yarda ta taɓa ko murfin mota ba.

Abin ya faro ne ranar da na ɗauko Auta daga makaranta. Wani mai babur ya faɗo titi ba zato, na kauce masa, muka zarce cikin kwata. Ni na karye a hannu, ita kuwa ko ƙwarzane babu. Kowa ya ce Allah ya tsare, muka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Yarinyar da surutunta ke hana mu jin rediyo ta koma sai an yi mata tambaya uku ta amsa ɗaya. Ta cinye faratanta har suna jini. Idan na tada mota a ƙofar gida, sai ta shige bayan kujera ta toshe kunnuwa. Na rarrasa, na yi faɗa, duk a banza. Kullum maganata ɗaya ce: "Ba komai, ai ya wuce."

Malamar ajinsu ce ta ba uwarta lambar wata likita mai duba damuwar yara.

"'Yata ba mahaukaciya ba ce," na ce.

"Wa ya ce maka mahaukaciya ce?" in ji uwarta. "Kai da ka karye ai an yi maka ɗori. Ita tata karayar ce ido ba ya gani."

A ƙafa muka je, tafiyar rabin awa. Ɗakin babu allura, babu warin magani. Kafet ne, da ƙananan kujeru, da wani faffaɗan akwati cike da yashi, sai kwandon 'yan tsana da motocin roba. Likitar ta cire takalmanta ta zauna a ƙasa kusa da Auta, ba ta tambaye ta komai ba. Ni dai na ce a raina an kawo mu wasan yara.

Da za mu tafi ta ja ni gefe.

"Baban Auta, kai ma da naka aikin. Kullum minti goma sha biyar, ka zauna ku yi wasa. Ita ce direba, kai fasinja. Kada ka yi tambaya, kada ka gyara mata. 'Ba komai' ɗin nan kuma a ajiye shi tukuna, don a wurinta akwai komai."

Wallahi tuƙin kwana biyu ya fi mini sauƙi. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, ta leƙo ta gan ni a ƙasa ina shan shayin ƙarya a murfin kwalba.

"Gemai-gemai da kai! To a zuba wa tsohuwa ma."

Tun daga ranar ta shiga layi, har ta fi ni iyawa.

A mako na shida likitar ta ce in shigo in zauna. Auta ta ɗora 'yar tsana da wani ɗan tsana a matsayin babanta a motar roba, tana tura su a kan yashi. Can sai ta sa 'yar tsanar ta ce, "Baba, duba zanena!" Nan take ta kifar da motar, ta binne hannun uban.

"Motar ta faɗi," in ji likitar a hankali.

"Ita ta sa," in ji Auta, kanta a sunkuye. "Ita ta kira shi."

Sai a lokacin na tuna ta kira ni daga kujerar baya kafin mai babur ya fito. Duk wannan lokaci yarinya 'yar shekara bakwai tana ɗauke da wannan dutse, mu muna saya mata alewa.

Likitar ta dube ni ta gyaɗa kai. Na matso.

"Auta, na ji kin kira ni, amma ban waiwaya ba. Idona yana kan hanya, shi ya sa na ga mai babur. Ko kin yi shiru da sai mun faɗa kwatar nan."

"Da gaske?"

"Da gaske."

Ta faɗa jikina ta yi kukan da ba ta yi ba ranar hatsarin. Ni ma ban tsira ba.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Likitar ta tsara mana mataki-mataki: zama a mota a kashe, ƙofa a buɗe, uwarta a gefenta; daga baya a tada injin; sannan zuwa ƙarshen layi a dawo. Akwai ranar da ta tubure muka koma farko, kuma ba wanda ya yi mata tsawa.

Ranar zuwanmu na ƙarshe na tsaya a bakin ƙofa da dogon jawabin da na shirya, amma kaɗan na iya faɗa.

"Likita, Allah ya saka miki da alheri. Allah ya raya naki."

"Amin. Amma ni awa ɗaya nake da ita a mako, sauran ku ne kuka yi."

Kafin in amsa sai muka ji hon daga waje, sau uku. Auta ce ta miƙo daga kujerar baya, uwarta tana janye mata hannu.

"Baba, yunwa fa nake ji!"