Ɗigon Farko a Bakin Shinge

Ni ba na ɓoye abin da ke raina. Ranar da aka ce Salmatu ce sabuwar shugabar sashen lafiya, ko tuwo ban iya haɗiya ba. Na fara aikin duba-gari tun tana firamare. Babu kwatamin da ban leƙa ba a Jibiya, babu mahaucin da bai zage ni a bayan idona ba. Da tsohon shugabanmu ya yi ritaya, ni aka ba riƙon ƙwarya, na riƙe har na manta aro ne. Ita kuwa ungozoma ce. Daga ɗakin haihuwa ta tafi ƙaro karatu, ta yi aiki da wata ƙungiyar agaji, ta dawo da digiri da tabarau. Shi ke nan, aka ce ni Dalhatu in koma mataimaki.

Takaicin ofis duk na shanye. Kan iyaka ne ya tsaya mini a wuya. Duk zagayen rigakafin shan-inna, mu da ma'aikatan lafiya na Nijar muna haɗuwa a bakin shinge mu buɗe aikin tare, saboda yaran da ke kwana can su wuni nan. Al'adar ita ce shugaba ne ke ɗiga wa yaron farko, a tafa, a ɗauki hoto. Majo Lawwali, shugaban asibitin da ke can tsallake, ya saba da ni, Shef yake ce mini tun daga nesa, wato shugaba da Faransancinsu. Ban gaya masa an sauke ni ba, kuma yau ga ni zan je gabansa ina bin bayan yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba.

Da safe Badamasi direba ya loda akwatunan sanyi. Ina tsaye ina tunanin ta wace ƙofa zan shiga, sai Salmatu ta buɗe ta baya ta zauna.

"Baba Dalhatu, shiga gaba mana," in ji ta. "Ni nan ya hi mani daɗi."

Na shiga, amma raina bai so ba. Shugabar da ba ta san darajar gaban mota ba, me za ta shugabanta? Muka kama hanyar Magama. Ina jin ta a baya tana waya, wancan ta ce masa yallaɓai, wancan ya ce mata ranki ya daɗe, mutanen da ni ko lambarsu ba ni da ita.

Mun tarar an kafa rumfa a gefen layin manyan motoci, 'yan acaɓa na ta ratsawa da jarkoki. Majo Lawwali na hango ni ya taso hannuwa a buɗe.

"Shef! Sannunku da zuwa. Ina gajiya?"

Na saci kallon Salmatu, na ga ta riga ta shige cikin mata. Na ce a raina, to ai ba ni na sa shi ya faɗa ba. Ya ja hannuna har kan babbar kujera. Da ya tambaye ni wace ce baƙuwar, na ce, "Hajiya Salmatu ce, daga ofishinmu." Ƙarya na yi? Ai daga ofishinmu take.

Aka kawo jaririya a zane, aka miƙo mini kwalbar. Na matsa kumatunta, na ɗiga mata, ta yamutsa fuska. Tafi ya tashi, masu waya suka yi ta haska ni. Wallahi na ji daɗi, irin daɗin mai azumi da ya samu ruwan randa.

Daɗin bai daɗe ba, domin ina zama na lura inda hayaniyar take. Mata sun yanyame Salmatu. Wannan ta ce ita ta karɓi haihuwar ɗanta na fari, waccan ta ɗora mata goyo a cinya ta ce ga takwararki. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina hana su zuba shara a kwata, ko wadda ta ce mini sannu babu. Kishi ya taso mini har ina jin ɗacinsa a harshe. Na lallashi kaina da cewa ta kwashi matan, kujera da hoto dai nawa ne.

Bayan an watse, Majo ya zuba mini shayi, ya matso kusa.

"Gaskiya kun yi dace da shugaba," ya ce. "Allah shi bar maku ita."

Na ajiye kofin. "Wace shugaba?"

"Hajiya mana. Tun shekaranjiya ta kira ni. Ta ce ita anka ba wurin, amma kar mu canza komi. Baba Dalhatu shi za ya zamna bisa kujera, shi za ya ɗiga, mu kira shi yadda munka saba."

"Wa da wa suka san wannan?"

"Kowa. Ai sai da na tara yarana na hwaɗa masu, don kar wani shi yi kuskure gabanka."

Na dubi waɗanda suka tafa mini ɗazu suna naɗe tabarmi. Ashe kujerar kyauta ce, tafin ma kyauta ne. Da ta ƙwace, da na san yadda zan yi da ita, in yi ta kai ƙararta wurin abokaina har in mutu. To wanda ya ba ka, ƙararsa wurin wa za ka kai? Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba.

Da za mu tafi ta sake nufar ƙofar baya. Na riga ta kama murfin.

"Ranki ya daɗe, gaba taki ce."

Ta dube ni, ta dubi Majo, ba ta yi musu ba. Ta zagaya ta zauna, ta gyara tabarau. Abin takaici, wurin ya dace da ita.

Badamasi ya tada mota. Majo Lawwali ya ɗaga hannu ya ƙwala murya, "Sai wani zagaye, Shef!"

Har na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni yake kallo ba.